Motar Baba Ba Ta Tari a Gaban Mutane

A unguwarmu Baba Fes ake ce masa, kuma ba a banza ya sami sunan ba. Ni ce autarsa, don haka ina da hurumin faɗin abin da yayyena suke jin nauyin faɗa: mahaifinmu mutum ne da sai ya goge takalminsa kafin ya kai wa mai gyaran takalmi. In zazzaɓi ya kama shi za a kai shi asibiti, sai ya yi wanka, ya fesa turare, ya zauna gaban likita yana murmushi. A tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce, "Ai da sauƙi, likita." Mama ce ke tsayawa a bayansa tana lissafo abin da ya hana shi barci.

Direba ne tun kafin a haife mu. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa manyan wani ofis, yana wanke motocin da ba nasa ba kamar shi ya saye su. Da ya yi ritaya mun ɗauka zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya huta, sai ya tattara kuɗin sallamarsa ya nufi kamfanin sayar da motoci, ya dawo da farar a-kori-kura mai shan dizal, sabuwa dal, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Shi ma bai cire ba. Duk wanda ya shiga motar nan da rana sai ya fita da bayan rigarsa a jiƙe, amma ba mai iya yi masa maganar leda. Sau ɗaya ya taɓa gaya mini, yana goge madubin gefe bai ko kalle ni ba, cewa wannan ne abu na farko da ya mallaka a duniya wanda wani bai riga shi taɓawa ba.

Aikin da ya samo wa kansa shi ne jigilar ƙwai daga gonakin kaji na bayan gari zuwa shaguna da gidajen burodi. Yana shimfiɗa tsohuwar katifa a ƙasan bodi, ya jera kiret bisa kiret, ya ɗaure da igiya, ya rufe da tamfol, sannan ya kama hanya a hankali, har masu keke su wuce shi suna yi masa sannu. Bai damu ba. Masu shaguna sun san in Baba Fes ne ya kawo kaya ba sai an ɗaga kiret ana neman fasasshe ba, wannan yabon kuwa ya fi masa abinci daɗi.

Tsakanin gonakin da gari akwai wani dogon hawa mai kwana a tsakiyarsa. A nan motar ta fara hali. Tana cikin hawa da kaya sai ƙarfinta ya ragu, ya taka totur ya ji kamar soso yake takawa, ta yi jijjiga, ta yi tari, ta mutu. Sai ya ja burkin hannu, ya fito ya sa wa taya dutse, ya tsaya yana kallon ƙwai suna shan rana. Bayan an ɗan jima ya murza makulli, ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Wani lokaci ta yi kwana da kwanaki ba ta yi ba, wani lokaci kuma ta yi a jere.

Shawara kam mun sha ta. Mai shagon kusa da mu ya ce gurɓataccen mai ne. Wani tsohon abokin aikin Baba ya ce nozul ne, wato bakin da ke fesa wa inji mai, ya rantse. Bakaniken bakin titinmu, wanda ke gyara motar kowa a layin, ya ce, "Iska take sha, Baba. Kawo ta in buɗe, yanzu za ka ji ta." Baba ya dafa bonet da tafin hannu kamar za a ƙwace masa, ya ce motar da ke da garanti ba a kai ta gindin bishiya. Shi da kansa dai ya yi iya yinsa. Ya canza gidan mai, ya tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filta, ya ɗaure kan batir, ya dinga kafa sukudireba a jikin inji yana kara kunne a ƙotarta. In ka tambaye shi me ya ji, sai ya ce injin nan lafiyarsa ƙalau, wallahi ya fi na mutane da yawa.

To, sai kamfani. A nan ne kuma halin Baba ya hau kanmu.

Tun ana gobe za a kai ta yake fara shiri. A sauke katifa da igiyoyi da tamfol, a share bodi, a wanke shi da sabulu. Tayoyi da buroshi ake bin su. Injin ma sai ya bi shi da tsumma lungu-lungu. Daga nan ya wuce gidan mai ya sa a cika tanki har sai ya hango man a wuya. Ranakun aiki yakan zuba daidai na zirga-zirgarsa ne kamar kowane direba, amma ranar kamfani dole allurar mai ta nuna tanki a cike. Mama ta taɓa tambayarsa ko biki za a kai ta. Ya ce, "Ba za a ce na kawo musu mota da yunwa ba."

Ni nake raka shi, don Mama ta ce kada a bar shi shi kaɗai da mutanen nan, zai iya ba su haƙuri a kan laifinsu. Wurin duk gilashi ne, ga sanyin na'ura har cikin ƙashi, ga talabijin da ba mai kallo, ga shayi a kofin takarda. Bakanike kuwa ba ka ganinsa ko da kuɗinka. Akwai wata ƙofa da aka rubuta an hana shiga, ta can ake wucewa da motoci, kai kuma a zaunar da kai gaban wani matashi mai kwamfuta. A gida Mai Murmushi muke ce masa, domin ko mutuwa ka je gaya masa da fuskar da zai karɓe ka ke nan.

"Sannu da zuwa, Baba. Me ke damun motar tamu?"

"A'a, yallaɓai, ba wani abu ba ne. Ɗan tari take yi jefi-jefi."

"Tana mutuwa ne?"

"To... takan ɗan huta dai."

Na ce, "Mutuwa take yi murus, a tsakiyar hawa, da kaya a bayanta."

Baba ya harare ni kamar na tona asirin 'yarsa a gidan surukai. Mai Murmushi ya gyaɗa mana kai mu duka biyun, ya buga wani abu gajere a kwamfutarsa. Har yau ina da yaƙinin "ɗan tari" ya rubuta.

Muka yini a wurin. Da yamma aka fito da ita an ƙara wanke ta a kan wankin Baba, an shimfiɗa takarda a wurin taka ƙafa. Mai Murmushi ya ce sun jona ta da na'ura, na'ura ba ta ga komai ba, sun zaga da ita ba ta yi tari ba, amma don a kwantar da hankali sun canza filta. Ya kuma miƙo wa Baba kwalbar maganin wanke nozul, irin wadda suke sayar masa tun ranar da ya sayi motar, yana juye ta a tanki duk wata kamar mai ba jariri maganin ƙarin jini. Ya ce yanzu a riƙa zubawa akai-akai. Baba ya karɓa hannu biyu yana godiya.

Ba a yi nisa ba ta sake mutuwa a wurin da ta saba.

Komawa ta biyu suka ce wata 'yar na'ura ce a jikin famfon mai, kuma sai an yi odarta daga waje. Motar ta kwanta a wurinsu har muka daina tambaya. Baba ya riƙa shiga motar haya yana zuwa dubiya, ya tsaya a bakin waya yana leƙenta a cikin layin motoci, ya dawo ya ce sun ajiye ta a rana. Masu gidajen burodi suka fara ba wani jigilarsu. Da aka sallame ta, aka bugo masa waya daga kamfanin ana tambayar ko ya gamsu da aikinsu. Ina zaune a gefensa ina girgiza masa kai har wuyana ya yi ciwo, shi kuwa ya miƙe tsaye da waya a kunne yana cewa, "Ƙwarai kuwa, 'yata. Allah ya yi albarka. A gaishe da manaja."

Ranar na yi faɗa har Mama ta ce in tuna da wa nake magana.

A cikin wannan hali ne Yaya, babban wanmu, ya zo gida ya zaunar da shi. Ya ce hawan nan manyan motoci ke bin sa, wata rana za ta mutu a kwana wani ya taho a guje. Ya ce a sayar da ita, shi zai ɗauki nauyin gidan. Duk mun san ba motar kaɗai Yaya yake nufi ba. Baba ya fara kai waya har kan hancinsa kafin ya gane mai kira, kuma Mama ta ce kwanaki ya wuce kwanar gidanmu da magariba sai da ya yi ribas. Amma wa zai kalli Baba Fes ya ce masa idonsa ne? Sai aka ɗora wa mota.

Baba ya juya makullin a hannunsa, sannan ya ce kamfani sun tabbatar masa an gama da matsalar. Yaya ya ce to, a yi haka: in ta ƙara tsayawa da shi a hanya ko sau ɗaya, ya ajiye tuƙi. Baba ya ce ya yarda. Ya yarda ne don mutanen gilashi sun ba shi magana, shi kuwa bai taɓa tunanin mai irin wannan ofis zai faɗi abin da bai sani ba.

Wata safiya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina wurin aiki, waya ta yi ƙara.

"Auta, kina da aiki da yawa ne?"

"Baba, kana ina?"

"Ina nan... wajen hawan nan. Ta ɗan huta." Ina jin ruwa yana dukan rufin motar. "Ba sai yayanki ya ji ba."

Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙanƙanta haka ba, kuma abin ya soke ni. Na bar abin da nake yi, na kira janwe mai jan mota tun ina hanya, na kuma roƙi wani mai gidan burodi ya turo motarsa ta kwashe ƙwan. Na tarar da shi tsaye a cikin ruwa yana riƙe da bakin tamfol kada iska ta yaye, hularsa ta lanƙwashe. Motar kuwa ba ka ce fara ba ce. Hanyar gona ta yi mata ado da taɓo har gilashi, ga fuka-fukan kaji sun manne a bodi, ga katifar nan ta sha ruwa tana wari.

Da ya ga janwe ya fara ja da baya. Ya ce ai yanzu za ta tashi, a ɗan ba ta lokaci. Na ce ko ta tashi ba mai murza makullin nan, yadda take haka za a kai ta. Da ya ga da gaske nake, sai ya koma lallashi.

"To, mu biya ta gida in ɗan watsa mata ruwa."

"A'a."

"Gidan mai fa? Yana kan hanya. Dubi allurar nan, Auta, ta kusa kwantawa. Da wane ido zan kalle su?"

"Da wanda kake kallona da shi, Baba. Hau mu tafi."

Ba don na san wani abu game da inji na hana shi ba. Haushi ne kawai. So nake su ga abin da suke mayar mana da shi gida a wanke, su ji kunya ko sau ɗaya.

Muka shiga harabar kamfanin motar tana ɗigar taɓo a kan simintinsu mai sheƙi. Baba ya sauko daga janwe ya tsaya can gefe kamar bai san mai ita ba. Mai Murmushi ya fito da murmushinsa, ya fara cewa mu shiga ciki mu sha shayi za a buɗe mana kati. Na ce ba shayin da zan sha, kuma ba inda motar nan za ta motsa sai wanda yake taɓa ta da hannunsa ya fito nan ya yi mana magana. Ya ce ƙa'idarsu ba ta yarda ba. Na ce to ni ma ƙa'idata ba ta yarda in rage murya ba, ga kuma masu sayen sababbin motoci can suna kallonmu ta gilashi. Baba yana ta "Auta, Auta," ni kuwa na riga na hau dokin zuciya.

Ƙofar nan da aka hana shiga ta buɗe, wani mutum mai furfura a gemu ya fito yana goge hannu. Ya gaida Baba, ya zaga motar, ya leƙa ciki ya murza makulli rabi, ya tsaya yana kallon allura.

"Baba, wannan ba ita ce farar nan mai leda a kujera ba?"

Baba ya amsa da kai, a kunyace.

"Kullum in za ta mutu, man yana ƙasa haka?"

Baba ya yi tunani. "To... wajen dawowa ne dai. Da kaya. Eh, yakan yi ƙasa."

"Ikon Allah. Mu kuwa kullum a cike take zuwar mana, ba kaya, ba komai. Mu zaga da ita a fili ta yi ta gudu. A katin kuma an rubuta tana ɗan tari." Ya juya ya kalli Mai Murmushi, Mai Murmushi ya kalli Baba, Baba ya kalli takalminsa. Ni dai na rasa wanda zan fara harara a cikinsu.

Aka tura ta ciki, wannan karon har da mu, ba wanda ya tuna da ƙa'ida. Suka ɗaga ta sama, suka kwance tanki suka sauke, suka juye ɗan man da ya rage a wani faranti mai faɗi. Bakaniken ya sa yatsu yana tsamo wasu 'yan abubuwa masu walƙiya, ba ɗaya ba, ba biyu ba, yana jera su a tafin hannunsa. Irin 'yar takardar azurfar nan ce da ake liƙe bakin kwalba da ita a ƙarƙashin murfi. Ya ce ta kwalbar maganin nozul ce. In tanki a cike yake suna can suna yawo a sama ba ruwansu da kowa. In mai ya yi ƙasa, mota ta ɗaga kai a hawa, sai su taru a bakin bututun da ke zuƙar mai su toshe shi. In inji ya mutu zuƙa ta tsaya, su saki, shi ya sa take tashi bayan an jima.

"Da makulli kake huda kwalbar, ko Baba? A bakin tanki?"

"Da makulli."

"To nan suke faɗawa. Ga su, duba."

Ya miƙo hannun. Baba ya sunkuya ya duba. Ya ƙara matsowa. Ya kama hannun mutumin ya jawo shi kusa da fuskarsa, ya karkata shi wajen hasken ƙofa, har gemunsa yana taɓa yatsun, sannan ya ce, "Oho. Na gan su." Ni daga inda nake tsaye, nesa da su, tun ɗazu nake ganinsu sarai.

Baba ya saki hannun. Bakaniken ya zuba su a kwandon shara ya ce a wanke tankin a mayar.

Da muka fito ruwa ya ɗauke. Baba bai bari sun wanke ta ba, abin da ya ba ni mamaki, kuma da muka zo gidan mai bai tsaya ba. Ya ce yana so ya ji ta a hawan da ɗan man da suka zuba mata. Muka fita bayan gari, ya juyo da ita daga ƙasa, ya sa giya, ya kama hawa. Ina riƙe da numfashina har muka shiga kwanar. Ta wuce wurin da ta saba mutuwa ko gezau, injin yana wani gurnani mai daɗi, Baba ya ɗan karkata kai yana saurare kamar ana yi masa kirari.

Daɗi ya kama ni, na fara zuba. Na ce ka ga, ashe ba laifin motar ba ne, 'yar takarda ce, kuma su suka sayar maka da kwalbar. Na ce tsayawar yau ba ta shiga lissafi ba tunda an gano dalili, kuma Yaya ba zai ji daga bakina ba, mai gidan burodin ma zan ja masa kunne.

Ya ci gaba da tuƙi. Da muka kai saman hawan ya sa sigina, ko da yake ba kowa a bayanmu, ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya ja burkin hannu. Ya zauna hannuwansa biyu a kan sitiyari, inji yana aiki.

"Na san ba laifinta ba ne," in ji shi. "Da ma ban taɓa cewa laifinta ba ne."

Ya buɗe ƙofa ya fita, ya zago ta gaban motar yana shafa bonet ɗin da taɓo ya bushe a kai, ya zo ya buɗe ƙofata.

"Koma can."

"Baba..."

"Koma can, Auta, kada dare ya yi mana."

Na matsa na zauna a kujerarsa. Ledar ta ɗauki zafin jikinsa, kujerar kuma ta yi mini nisa, amma na kasa taɓa ta in gyara. Idona ya cika har ban ga titi sosai ba, na tsaya ina gogewa da bakin mayafi. Shi kuwa ya shiga ya rufe ƙofa a hankali, ya ja bel ya ɗaura, ya ɗora hannuwansa a gwiwa don bai san inda ake ajiye su a wannan gefen ba.

Na saki burki, motar ta ɗan zabura.

"A hankali mana," ya ce, yana kallon gaba. "Ki ɗauka akwai ƙwai a baya."